Jirgin Saman Da Aka Nutsar Cikin Ruwa Da Gangan

Wannan mako za mu ɗan bar madafa da keken ɗinki, mu leƙa wani aiki wanda ba a cika kawo zancensa a filinmu ba, ko da yake da yawa cikinmu mun taɓa ba shi amanar ranmu, ko ta ran iyayenmu da mazajenmu. Kowace shekara dubban alhazai suna tashi daga Kano da Sakkwato da Maiduguri zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Mukan raka su da addu'a, in kuwa mun tuna da wani ma'aikaci a cikin al'amarin, to, matuƙi ne. Amma akwai wani wanda ba ya shiga jirgin, ba a kuwa jin sunansa. Shi ne injiniyan da ya gwada jikin jirgin, ya sa hannu a takarda cewa zai riƙe iskar da ke cikinsa, ba zai fashe ba. Labarin aikinsa nake so in ba ku, da yadda aka koye shi da tsada ƙwarai.

Da farko sai mu san abin da ya sa jirgi yake riƙe iska. Iskar nan da muke shaƙa tana da nauyi. Tana danne kowane abu da ke bisa ƙasa da ƙarfin da ya kusa laba 15 a kan kowane inci ɗaya murabba'i, ba mu jinsa ne kawai don a cikinsa aka haife mu. In mutum ya yi sama sai ta riƙa raguwa. A nisan ƙafa 40,000 abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, wanda ya sami kansa can ba kariya ba zai wuce daƙiƙa 20 ba hankalinsa zai gushe, ga kuma sanyin da ya fi na cikin firiji nesa ba kusa ba. To, me ya kai jirgi can? Injin jet ya fi tsimin kananzir a can sama, hadari da guguwa kuma yawancinsu suna ƙasa da shi.

Saboda haka ake rufe jirgi ruf, injuna su riƙa ɗura masa iska, har mutanen ciki su ji kamar suna kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000, watau kamar ninki biyu na tudun Jos. Toshewar kunnen nan da Hajiya takan ba da labari in ta dawo, sauyin matsin iskar ne. Kun ga ke nan jirgin sama tukunya ce rufaffiya, iska ta yi yawa a ciki ta yi kaɗan a waje, tana ta tura bango tana neman hanyar fita. In jirgi ya hau sai jikinsa ya ɗan kumbura, in ya sauka ya saɓe. Ido ba ya gani, amma haka yake yi a kowace tafiya.

Jirgin da za mu yi zancensa sunansa Comet, kamfanin de Havilland na Ingila ne ya ƙera shi. Shi ne jirgin jet na farko a duniya da ya ɗauki fasinja don kuɗi. Ran 2 ga Mayu, 1952, ya tashi daga Landan da fasinja 36, ya bi ta Roma da Bairut da Hartum, ya isa Johanasbag cikin ƙasa da awa 24. Mutanen Ingila suka yi ta alfahari, don kuwa ko Amurka ba ta da irinsa a lokacin. Bambancin matsin iskar cikinsa da ta waje laba 8 da kwata ne a kan kowane inci murabba'i. Kada ku raina lissafin nan. A wuri mai faɗin ƙafa ɗaya da tsawon ƙafa ɗaya, kamar faifan rufe ƙwarya, ƙarfin ya wuce nauyin buhun siminti goma. Fatar da ke riƙe da wannan kaya kuwa alminiyam ce, irin ta tukwanenmu amma mai gauraye, kaurinta bai cika milimita ɗaya ba. An yi ta da siranta haka ne don jirgin ya yi sauƙin nauyi.

Ran da ya cika shekara ɗaya cif da fara aiki, wani Comet ya tarwatse a sama kusa da Kalkata ta ƙasar Indiya, mutum 43 suka rasu. Da yake cikin hadari mai ƙarfi abin ya faru, sai aka ɗora wa hadarin.

Sa'an nan ran 10 ga Janairu, 1954, wani ya taso daga Singafo za shi Landan, ya yada zango a Roma, ya tashi da hantsi sararin sama garau. Shi ne kuwa ainihin wanda ya buɗe hanyar Johanasbag. Bayan kamar minti 20, yana wajen ƙafa 27,000, matuƙinsa yana cikin magana ta rediyo da matuƙin wani jirgi, sai magana ta yanke a tsakiya. Masunta na tsibirin Elba suka ji ƙara, suka ga tarkace yana zubowa cikin teku. Mutum 35 ne a ciki, goma daga cikinsu yara, ba wanda ya tsira. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kamfanin BOAC mai jiragen ya tsai da su duka. Aka kafa kwamiti, aka zauna aka yi ta tunanin duk abin da zai iya jawo haka, aka fi zargin gobara. Aka yi wa jiragen gyare-gyare barkatai, kowane zato da nasa gyara, ran 23 ga Maris aka ce su koma aiki. A ganina nan ne wuri mafi nauyi a cikin labarin nan duka. Yawancin tarkacen yana ƙarƙashin teku tukuna, ba wanda ya san dalili, amma ga jirage a ajiye suna cin kuɗi, ga sunan ƙasa. Aka yi wa marar lafiya magani ba a san ciwonsa ba. Kwana 16 bayan haka, ran 8 ga Afrilu, wani Comet ya tashi daga Roma za shi Alƙahira, ya tarwatse a kan teku kudu da birnin Naples, da mutum 21. Nan da nan hukuma ta janye takardar shaidar lafiyar Comet gaba ɗaya.

Daga nan aka miƙa binciken ga ma'aikatar binciken jiragen sama ta gwamnati da ke Farnborough, ƙarƙashin shugabanta Sir Arnold Hall. Sojan ruwan Ingila suka shiga tsamo tarkacen jirgin Elba, har da kyamarar talabijin da ake zurawa cikin ruwa, abin da yake sabo a zamanin. Sannu a hankali aka samo wajen kashi 70 cikin 100 na jirgin. Duk guntun da aka kawo sai a nemi mazauninsa a ɗaura shi a kan wani ƙwarangwal na katako, kamar mai haɗa fasasshen tulu. Likitan Italiya da ya duba gawawwakin kuma ya riga ya ga alama a huhunsu, irin ta wanda iska ta ƙwace masa farat ɗaya. Hall ya yi zaton ɗakin fasinja ne ya fashe. Amma zato ba shaida ba ne, an kuwa riga an ga abin da zato ya jawo.

Ga dabarar da suka yi. Suka karɓi wani Comet lafiyayye, ɗan'uwan waɗanda suka faɗi, suka gina tanki na ƙarfe kewaye da shi, tsawonsa ƙafa 112, faɗinsa 20, zurfinsa 16. Fukafukan suka fito ta gefe biyu, aka toshe kewayensu don kada ruwa ya zuba. Aka cika tankin da ruwa, aka cika cikin jirgin ma. Sa'an nan famfo ya riƙa ƙara tura ruwa cikin jirgin har matsin ya kai na tafiyar gaske, a sassauta, a sake, jak-jak kuma suna ɗaga fukafukan suna saukewa kamar iska ce take kaɗa su. Kowane turi da sassautawa tafiya ɗaya ke nan, cikin 'yan mintoci. Dare da rana aka yi ta yi.

'Yan makaranta za su tambaya, me ya sa ruwa, ga iska kyauta? Ku lura da kyau, don wannan ita ce gindin sana'ar. Iska tana matsuwa. In kin toshe bakin famfon keke da yatsa kin danna, za ki ji ya shiga, in kin saki ya dawo da ƙarfi. Watau iskar da aka matse tana ajiye ƙarfi a cikinta, ran da ta sami kafa sai ta sake shi gaba ɗaya. Da iska aka hura wa jirgin nan, da ya tashi kamar bom, ya hallaka masu gwajin, ya kuma watsa shaidar da ake nema. Ruwa kuwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da zarar bango ya tsage, ɗan ruwa kaɗan ya fita, matsi ya faɗi, komai ya tsaya a inda yake, a zo a duba inda ɓarakar ta soma.

Ran 24 ga Yuni, 1954, ma'aunin matsi ya faɗi. Aka zubar da ruwan tanki aka shiga, sai ga jikin jirgi ya yage a gefen hagu, tsagar ta taso daga kusurwar wata ƙaramar ƙofa ta fitar gaggawa. Jirgin ya yi tafiya wajen 1,230 a sama kafin a kawo shi, ya ƙara wajen 1,830 a cikin ruwa, jimla kusan 3,060. Da aka san irin abin da ake nema, sai aka sake komawa tekun Elba. Cikin Agusta wani jirgin masunta na Italiya ya jawo wani ɓangare na rufin jirgin, inda akwai tagogi biyu ƙanana na kayan rediyo. A kusa da kusurwar ɗayarsu, a bakin ramin ƙusa, aka ga mafarin tsagar. Wannan jirgi tafiya 1,290 kaɗai ya yi, na Naples kuwa 900. Guntun rufin nan an ajiye shi a gidan tarihin kimiyya na Landan.

Abin da ya cinye su masana suna kiransa gajiyar ƙarfe. Kowace yarinya tana iya ganinsa da idonta yau da yamma. Ki sami guntuwar waya, ki ja ta iyakar ƙarfinki, ba za ta tsinke ba. To, lanƙwasa ta, ki miƙe, ki sake lanƙwasawa, kina ƙirgawa. Ba da daɗewa ba za ta karye a hannunki ba tare da kin sa wani ƙarfi ba. Abin da ƙarfi bai yi ba, yau da gobe ta yi. A jikin jirgi lanƙwasar ba ta kai ta wayarki ba ko kusa, shi ya sa take ɗaukar dubban tafiye-tafiye maimakon goma ko ashirin, amma ciwon ɗaya ne. Tsagar takan soma ƙanƙanuwa, ba ta kai silin gashi ba, kowace tafiya ta ɗan ƙaru, har ran da sauran ƙarfen ya kasa ɗaukar kayan.

Me ya sa kuma a kusurwa? Wannan mu mata mun fi kowa sani. In kin je sayen yadi, mai kanti ba ya iya yaga shi da hannu sai ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, daga nan sai ki ji kyaaat har ƙarshe. Duk jan da yake yi ya taru a ƙarshen 'yar tsagar nan. Haka kuma aljihu daga kusurwa yake fara yagewa, da tsagar siket, shi ya sa mai ɗinkin kirki takan maimaita ɗinki a wurin. Ƙarfe ma haka ne. Duk inda aka huda shi, jan da zai bi ta wurin sai ya kewaya ya cunkushe a gefen hudar, in kuwa kusurwar tsukakkiya ce cunkoson ya fi tsanani. Da aka auna a Farnborough, aka tarar jan da ke kusurwoyin nan ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da zai tsinka ƙarfen nan take, ya wuce abin da maƙeran suka lissafta ƙwarai. Ga kuma ramukan ƙusa a jere daidai wurin, kowanne kamar tsagar almakashin mai kanti. Za ku ji ana cewa tagogin fasinja masu kusurwa huɗu ne suka kashe Comet. Maganar ta kusa gaskiya, amma a jirgin Elba da na tanki ba daga tagar fasinja tsagar ta soma ba.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki. Kada ku ɗauka maƙeran Comet sakarkaru ne waɗanda ba su gwada kayansu ba. Sun gwada, har sun wuce abin da dokar lokacin ta nema. Sun ɗauki wani yanki na jikin jirgin, sun matsa shi har ninki biyu na matsin tafiya, bai fashe ba. Sa'an nan suka ci gaba da matsa shi suna sassautawa, sai da aka kai wajen sau 18,000 ya tsage. Wa zai ga wannan bai kwantar da hankalinsa ba? To, yaya aka yi wanda aka gwada ya kai 18,000, wanda ya ɗauki mutane ya mutu a 900?

Ashe gwajin farko ne ya ɓata na biyu. Matsin nan mai tsanani da aka fara yi masa ya sa ƙarfen bakin ramukan ƙusa ya ɗan miƙe ya zauna a haka, da aka sassauta sai ƙarfen da ke kewaye ya tsuke shi, tsukewar nan kuwa tana hana tsaga buɗe baki. Watau ba da niyya ba sun ƙara wa abin gwajin lafiya. Jiragen da aka sayar kuwa ba a yi musu wannan matsi mai tsanani ba, don haka ba su sami wannan kariya ba. Mu da muka koyi aikin koyarwa mun san irin wannan. In malama ta zaɓi yarinya ɗaya ta yi mata bita ta musamman, sa'an nan ta ba ta jarrabawa ta ci, ba ta isa ta rubuta cewa aji duka ya iya ba. Takardar da aka sa wa hannu ba ƙarya aka yi a cikinta ba, amma abin da aka gwada dabam, abin da ya tashi sama dabam. Kotun bincike da Lord Cohen ya shugabanta a ƙarshen 1954 ba ta ɗora wa kamfanin laifi ba, ta ga iyakar sanin zamanin ke nan. Abin yabo shi ne ba a ɓoye sakamakon ba, an baza shi kowane maƙerin jirgi a duniya ya karanta.

Akwai mace a cikin aikin nan, ina so 'yan makaranta su riƙe sunanta: Anne Burns. An haife ta a 1915, ta karanta injiniyanci a jami'ar Oxford a zamanin da mata a wannan fanni ba su cika cikin cokali ba, ta shiga aiki a Farnborough a 1940. Sa'ad da ake gwajin tanki, an kuma bukaci a tashi da wani Comet a auna yadda jikinsa yake motsi a sama. Da yake ana tsoron ya fashe, sai aka tashi da shi ba a matsa iska a cikinsa ba, masu awo suna shaƙar oksijin ta abin rufe hanci, har wajen ƙafa 40,000. Tana cikin waɗanda suka yi ta shiga jirgin nan, alhali 'yan'uwansa biyu sun tarwatse cikin wata uku ba a san dalili ba tukuna. A 1955 aka ba ta lambar yabo ta Sarauniya saboda wannan aiki. Bayan haka ta shahara wajen tuƙa jirgi marar inji, ita ce mace ta farko da ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a cikinsa, a 1957. Ta rasu a 2001.

An sake ƙera Comet da fata mai kauri da tagogi masu siffar ƙwai, a Oktoba 1958 ya soma ƙetare tekun Atlantika da fasinja. Amma kasuwa ta riga ta kuɓuce masa, jiragen Amurka suka ci gaba.

Abin da ya bari shi ne ƙa'idojin da ake bi har yau. Ba a ba sabon samfurin jirgi cikakkiyar shaida sai an ware jiki ɗaya don gwajin ƙarfi, wani dabam don gwajin gajiya, kada wancan ya gyara wannan. Na gajiyar kuwa ana wahalar da shi har ya ninka rayuwar da aka tsara wa jirgin sau biyu ko fiye. Jikin Boeing 787 da aka gwada an yi masa tafiyar ƙarya fiye da 160,000. An kuma daina cewa jirgi ba zai tsage ba. Yanzu cewa ake yi zai tsage, sai a yi shiri. Ana ɗaura wa fatar wasu maɗaurai ta ciki, tazara-tazara, don in tsaga ta taso ta iske ɗaya ta tsaya, kamar yadda yagewar zane takan tsaya a kalmasa. Injiniya kuma sai ya lissafta tafiya nawa tsaga za ta yi daga ran da za a iya ganinta zuwa ran da za ta zama haɗari, a sa lokacin dubawa ya faɗo a tsakani fiye da sau ɗaya. Shi ya sa tsufan jirgi ba shekaru kaɗai ake dubawa ba, har da sau nawa ya hau ya sauka.

Masu dubawa suna da kayan aiki iri-iri. Akwai jan rini da ake shafawa a goge, in da tsaga sai ya maƙale ciki ya nuna kansa. Akwai hoto irin na ƙashi da ake ɗauka a asibiti, akwai na'ura mai aiki da amo irin ta sikanin da ake yi wa mai juna biyu, akwai mai aiki da lantarki da ake bi da ita bakin kowace ƙusa. Asalin dabarar dai ba ta fi ta uwargida a kasuwar tukwane ba, wadda takan ƙwanƙwasa tukunya ta saurara, in ta ji amon ya dushe ta ajiye. In an gama, mai lasisi ya sa hannu a littafin jirgin da sunansa da lambarsa. A Nijeriya hukumar NCAA ce take ba jiragen ƙasar takardar shaidar lafiya.

Duk da haka ƙa'ida ba ta aiki da kanta. A 1978 wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya bugi ƙasa da wutsiya wajen sauka a Osaka, bangon baya mai riƙe iska ya lalace. Ma'aikatan Boeing suka zo suka yi faci. Tsarin ya ce a sa farantin faci guda ɗaya wanda layi biyu na ƙusoshi za su riƙe. Sai aka raba farantin biyu, ya zama a wani wuri layi ɗaya ne kaɗai yake ɗauke da kayan layi biyu. Daga waje ba a gane bambanci. Jirgin ya yi tafiya fiye da 12,000 a haka, shekara bakwai. Ran 12 ga Agusta, 1985, jim kaɗan bayan tashinsa daga Tokyo, bangon ya fashe, iskar ta tsinke wutsiya da bututun man da ake sarrafa jirgin da su. Matuƙan suka yi ta fama wajen rabin awa kafin ya faɗi kan dutse. Mutum 520 suka rasu, huɗu suka tsira, dukansu mata. Duk wadda ta taɓa karɓar riga daga wurin tela ta tarar ɗinki ɗaya a inda ya kamata a yi biyu ta san irin aikin, sai dai ita riga ce ta yage mata.

Kafin in ajiye alƙalami, akwai 'yar'uwar jirgin nan a madafar da yawa daga cikinmu, watau tukunyar gas. Ita ma ƙarfe ce mai riƙe da abu a matse, ita ma ana cika ta tana ƙarewa ana sake cikawa, ga tsatsa, ga jifan da take sha a bayan mota. Gwajinta kuwa irin na Farnborough ne: a cika ta da ruwa, a matsa fiye da abin da take ɗauka kullum, a ga ko za ta yi yoyo ko ta kumbura ta ƙi komawa. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta ce a riƙa sake gwada tukunya duk shekara 5, in ta kai 15 a daina aiki da ita. Akan buga shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta na sama ko a gindinta. Wadda ta loɓa, ko tsatsa ta ci gindinta, ko take yoyo, ba ta mai walda ba ce, sai a mai da ita wurin dillalin gas a canza. Uwargida, in kin gama karanta wannan, ki ɗauki tsumma ki goge mariƙin taki ki duba shekarar, in kin shiga maƙwabta barka ko sannu da aiki ki duba musu tasu.